Mutumin da ya ƙi a tura shi

Ya 'yan uwa mahaya, ku ɗan kashe injunan nan tukuna. Hanya ba za ta gudu ba. Kafin mu yi addu'ar buɗe kakar hawa ta bana, ina da labari guda.

A nan yankinmu na bakin kogin IJssel aka yi wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya gane shi kuma ya riƙe a cikinsa. Tun yana saurayi babur ɗin tsere yake hawa, irin wanda mutum ke kifa ciki a kan tanki, gwiwoyi a naɗe, kai a sunkuye. Kuma ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Idan ya sha kwana a kan jingar kogi, gwiwarsa har shafar kwalta take yi. Duk fitar da ƙungiyarsu za ta yi, shi ne a gaba.

Abu ɗaya ya rasa. Matarsa, mu ce mata Tineke, ba ta hawa bayansa. Ta taɓa gwadawa suna amarci, ta sauko ta ce wannan ba kujera ba ce, marfin tukunya ne aka ɗaura a sama. Tun daga nan ba ta sake ba. Abokansa kowa da matarsa a baya, ana tafe ana nuna wa juna shamuwa a gona. Shi kuwa ya riga kowa isa, ya zauna shi kaɗai yana jira. Bai taɓa faɗa ba, amma abin yana cin sa.

Shekaru suka ja. Gashi ya yi fari, baya ya fara ƙara, wuyan hannu ya fara tsami. Ta kai idan ya sauka daga babur sai ya daɗe a duƙe kamar mai neman makulli a ƙasa. Wata rana Tineke ta hango shi ta taga, ta fito.

"Tsoho, me ya faɗi?"

"Ba komai. Taya nake dubawa."

"Ai tayar tana bayanka. Ka ji, ka rabu da abin nan. Ka sayo irin na abokinka Douwe, mai kujera kamar ta falo. In ka yi haka, ranar buɗe hanya zan hau bayanka. Sau ɗaya. In ka dawo da ni gida yadda ka ɗauke ni, sai mu yi maganar na biyu."

Ya 'yan uwa, wannan ba alheri ba ne? Jiki ya ce a sassauta, mata ta ce za ta bi. Barin babur ɗin tsere a koma na shan iska ba abin kunya ba ne. Rabinku kun yi, ga ku nan kuna murmushi. Wurin zaɓe ne mutumin nan ya ɓata.

Ya tafi shagon Harmen mai sayar da babura, mutum mai haƙuri, wanda ya saba sauko da tsofaffin 'yan tsere daga kan tanki. Harmen ya ba shi kofi, ya gaya masa abin da yake gaya wa kowa. Babur ɗin shan iska ba da gudu ake zaɓensa ba, da ƙafa ake zaɓensa. Ka hau ka ga tafin ƙafafunka biyu sun kwanta a ƙasa. Ka ɗago shi daga kafewa ka ji nauyinsa a ƙugunka. Ka kama kan, ka ga ko kafaɗarka ta saki. Ka zo da wadda za ta zauna a baya, ita ma ta gwada. Sannan ka ja shi baya da ƙafa daga nan zuwa ƙofa, domin a kan hanya ba ya nuna nauyi, sai an tsaya yake fito da halinsa.

Ya nuna masa wani matsakaici, mai ƙasa-ƙasa, daidai jikinsa. Mutumin namu, in gaya muku gaskiya, Allah bai ba shi tsawo ba.

"Wannan ai na 'yan koyo ne," in ji shi. "Wancan fa?"

Wancan shi ne mafi girma a shagon. Baƙi wuluk, ƙarafunansa suna ɗaukar ido, faɗinsa kamar kwale-kwale.

"Wancan ya ninka tsohon naka a nauyi, har da ɗori. In dai sai shi, akwai irinsa mai ribas. Ka danna maɓalli ya ja baya da kansa."

"Ribas? Harmen, mota na ce maka ina so?"

"To ka fita da shi gwaji, ko zagaye ɗaya."

"Ni za a gwada? Tun kana rarrafe nake kan babur."

Ya hau, 'yan yatsun ƙafarsa da ƙyar suka taɓa ƙasa. Maimakon ya sauya babur, sai ya je ya sayo takalmi mai kaurin ƙasa. Bai zo da Tineke ba. Aka kai masa babur gida a mota, ya kulle shi a gareji duk lokacin sanyi, yana gogewa, yana kallon fuskarsa a jikin salansa.

Me ya sa ya yi haka? Tsoro ne, ya 'yan uwa, tsoron kada a ce ya tsufa. A ransa ya ce, in dole in sauka daga wanda ya fi kowa gudu, to sai dai in hau wanda ya fi kowa girma. Girman kai ke nan. Ba ya sakin mutum don ya sauya abin hawa. Shi ma hawa yake yi ya zauna a tsakiya.

Ranar buɗe hanya ta zo, rana irin ta yau, sama garau. Tineke ta hau, ta jingina, ta ce lallai wannan kujera ce. Suka kama hanyar jinga, shi a gaba kamar kullum. Sau ɗaya ya manta ya kwantar da babur a kwana, matakin ƙafa ya kankari kwalta ya yi tartsatsi, ta mintsine shi, ya sassauta. Can ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa 'yan tumaki sababbin haihuwa. Waɗanda ke bayansu sun ce ko ta cikin hular kwano ana gane murna yake yi. Da a nan labarin ya ƙare, da ban tsayar da ku ba.

Sai suka iso mafitar jirgin fito, mai ƙetarar da motoci da babura zuwa hayin kogi.

Kun san ƙa'idar wurin. Ana jira a sama, bayan farin layi, har na cikin jirgi su gama fita. Shi kuwa tun da can bai taɓa jira a sama ba. Gangarawa yake yi har bakin ruwa don ya riga kowa shiga, in an ce ya ba da hanya sai ya ja ɗan babur ɗinsa baya da ƙafa ɗaya. Hannu abin da ya saba yake yi. Ya gangara, goshin babur yana kallon kogi.

Jirgi ya iso. A cikinsa akwai tarakta tana jan tankin taki, faɗinta ya cika gangaren. Matuƙiyar jirgin, Aukje, ta leƙo.

"Yallaɓai, ɗan ja baya."

Ya kafa 'yan yatsu ya tura. Babur bai san ana yi ba. Ya sake turawa har wuyansa ya yi ja. Douwe da wani abokinsu suka gangaro suna cire safar hannu.

"Kawo mu tura ka, ɗan tsere," in ji Douwe. "Ni ma jiya sai da maƙwabcina ya tura ni."

"Kada wanda ya taɓa mini babur."

Tineke ta ce, "Bari in sauka ka rage kaya."

"Zauna abinki. Kin taɓa ganin an tura ni?"

"Tsoho, ka bari su tura ka mana. Ba wanda zai sa a jarida."

Manomin da ke kan tarakta ya kashe inji, ya yi tagumi, yana kallo.

Ya 'yan uwa, kalma nawa ce "ku tura ni"? Hannaye huɗu suna tsaye a gefensa, kyauta. Amma ya ga gara ya juya babur a kan gangaren da a ce an tura shi. Ya karya kan gaba ɗaya, ya saki kuloci. Tayar gaba ta hau gansakukar bakin ruwa. Ya damƙe birkin hannu irin damƙar 'yan tsere. Babur ya karkata wajen kogi, ya miƙa ƙafa ya tare, ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa. Kaurin takalmi bai kai ba.

A hankali babur ɗin ya kwanta, kamar saniya ta gaji, ya zame da su biyun cikin ruwa.

Allah ya rufa asiri, ruwan iya ƙugu ne, ba wanda ya ji ciwo. Sai dai sanyi, irin na farkon shekara. Tineke ta miƙe, ta cire hular kwano, ta tsiyaye ruwan ciki, ta miƙa masa.

"Kujerar dai ta yi daɗi," ta ce.

Aukje ta kai ta ɗakin tuƙi ta lulluɓe ta da bargo. Manomi ya fito da taraktarsa, ya ɗaura wa babur sarƙa, ya jawo shi sama yana zubar da laka ta salansa. Wanda ya ƙi abokai biyu su tura shi, mai taki ne ya ja shi a gaban jama'a. Jaridar gari kuwa ta sa, har da hoto.

Inji ya sha ruwa ya mutu, aka sayar da babur gunduwa-gunduwa. Ƙungiya ta ba Douwe jagoranci. Mutumin da ake ce wa ɗan tsere ya koma ana ce masa Agwagwa, har yara a kasuwa.

Tineke fa? Ashe iskar hanya ta shige ta. Ta je ta koyi tuƙi, ta sami lasisi, ta yi ta zuwa shagon Harmen tana gwada wannan tana gwada wancan, har ta sami daidai ita. Ranar da ta kawo shi gida, mijin ya zagaya shi yana gyaran murya.

"Ya yi kyau. To, ko ni in zauna a baya? Ba zan ce komai ba."

"Duba da kyau, Tsoho," ta ce. "Mai kujera ɗaya na saya."

Yanzu duk fita tana cikin ayari. Shi kuma yana can ƙarshe a mota, ɗauke da rigunan ruwa da abincin rana.

Ku yi dariyarku, ya 'yan uwa, shi ma yanzu yakan ɗan yi. Amma ku duba abin da ya rasa. Ba babur ba ne, babur ana sayen wani. Abin da ya daɗe yana so Allah ya ɗora masa a bayansa, hannunta a kafaɗarsa, shi da kansa ya zubar a kogi don kada a ga ana taimakonsa.

Saboda haka wanda zai sauya babur a cikinku, ya zaɓa wa jikin da yake da shi yau, ba sunan da ya yi jiya ba. Ya gwada kafin ya saya. Ya ji maganar wanda ya sani da ta wadda za ta hau. Kada ya tsaya goshi a gangare. In kuma ya tsaya, ya buɗe baki ya nemi hannu. Ba a babur kaɗai ba, har a gida, har a wurin aiki, har a tsakaninsa da Ubangijinsa.

Allah ya kiyaye mu daga girman kan da ya fi ƙarfin ƙafafunmu. Allah ya ba mu abokan da za su tura mu, ya ba mu harshen da zai roƙe su. Ya kai mu lafiya, ya dawo da mu gida tare da waɗanda muka ɗauko. Amin.