Tayin da Ba a Sallama Ba

An yi wani mutum a Dutse, ɗan kasuwa, mai harkar ɗinkin hannu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba. Alhaji kowa ke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Shi Alhaji bai taɓa riƙe allura ba. Aikinsa shi ne ya sayi yadi da zare, ya sa a fitar da zane a jikin yadin, ya loda a mota ya kai ƙauyukan Jahun, inda mata ke ɗinkin hula a cikin gidajensu tun kaka da kakanni. In sun gama ya dawo ya kwashe. Da farko Kano yake kai hulunan, yana samun na rufin asiri.

Sai Allah ya haɗa shi da wani kamfanin tufafi na ƙasar Turai. Su ba hula suke so ba. Irin ɗinkin hular suke so a yi musu a kan dogayen ƙyallaye, su ɗora a wuyan rigunan mata da bakin jakunkuna, su sayar da tsadar da in na faɗa muku za ku ce ƙari na yi. Kamfanin nan da abu ɗaya yake tinƙaho, wai wajen yin kayansa ba a ɓata ƙasa ba, ba a cuci mai ɗinki ba. Suka yi wa Alhaji farashi mai kyau, suka ce kaso mai tsoka na matan ne. Ya ce ya ji, har da rantsuwa.

A Aujara, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, akwai wata dattijuwa, Inna Safiyatu. Ita ta koya wa yawancin matan unguwarsu ɗinki. Tunda baƙon namiji ba ya shiga gidan matan aure, ita ke tattara aikinsu ta fito da shi zaure, ita ke yin ciniki a madadinsu. Duk abin da ta karɓo, shi za a raba a cikin gidaje.

Ya 'yan uwa, kun san yadda muke ciniki. Mai saye ya taya. In tayin bai yi wa mai kaya ba, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, sai ya ce, "Albarka." Wato a'a, ƙara. In ya yi masa sai ya ce, "Na sallama." Kafin wannan kalma ta fito daga bakinsa, kaya nasa ne, ko da ka tula masa kuɗi a gaba. Ko mai tallan gyaɗa ta san wannan, balle wanda ya yi furfura a kasuwa.

To, Alhaji ya san haka sarai, sai ya ɓullo da dabara. Ranar ba da aiki ba ya yanke farashi. In Inna Safiyatu ta tambaya sai ya ce, "Bari in ga aikin tukuna, Inna, ai ba za mu ɓata ba." Mata su duƙufa sati da satuttuka, tsakanin daka da girki da raino, su cike ƙyallen da ɗinki har ba a ganin yadin. Ranar karɓa ya zauna a zaure, ya jujjuya aikin yana yatsina fuska, sannan ya taya abin da ko cefanen kwana biyu ba zai yi wa mace ɗaya ba.

Inna Safiyatu ta ce, "Albarka, Alhaji."

Ba ya ƙarawa, ba ya jayayya. Sai ya ajiye kuɗin a kan tabarma, ya naɗe kayan ya ce, "Ai yadina ne, Inna, zaren ma nawa ne." Ya shiga mota ya tafi.

Me za ta yi? Ta bi mota da gudu? Ta riƙe kayan ta sayar wa wa? Yadin ba nata ba ne, zanen kuma na Turawa ne, babu Bahaushen da zai saka shi a kai. Haka za ta tsince kuɗin, ta shiga gida gida tana ba matan haƙuri, ita da ba ta ci komai ba. Wani zuwan Alhaji ya dawo da sabon yadi, su karɓa, domin babu wani mai kawo aiki, rumbu kuma ya yi ƙasa.

Alhaji kuwa yana tuƙi yana lallashin zuciyarsa. Yana cewa ai ta ɗauki kuɗin, ɗauka kuwa yarda ce. Wace irin yarda? Yunwa ce ta ɗauki kuɗin nan, ba Inna Safiyatu ba. Shekaru ya yi yana kwasar aikin matan nan, ko sau ɗaya bai ji "na sallama" ba, kuma bai taɓa tsayawa ya jira ta ba.

Ana haka idon dattijuwar ya soma rauni. Wadda ke zura zare a allura tana hira, sai ga shi tana laluben kafar allurar har ta gaji ta miƙa wa 'yarta Ikilima. Ta faɗa wa Alhaji, ta ce da zai ɗan ƙara musu da ta je asibiti an duba ta. Ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Inna." Zuwansa na gaba ya kawo baƙin zare da yadi mai duhu, wai shi Turawa ke yayi a bana. Wallahi duk sa'ad da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Rannan kamfanin ya aiko masa cewa suna son shaida. Ya ɗauko musu bidiyon ranar biya, su ga matan sun gamsu. Alhaji ya kwana biyu yana tunanin yadda zai yi, sannan Shaiɗan ya raɗa masa hanya. Ya je Aujara, ya jingina waya a bakin taga, ya dunƙule kuɗi a hannu ya miƙa ya ce, "Ga abin da zan bayar, Inna." Ta shafa su, ta kawar da kai ta ce, "Albarka, Alhaji. Albarka. Ka ji tsoron Allah." Ya yanke ƙarshen maganar, ya tura sauran. Ya rubuta musu cewa kalmar da take maimaitawa addu'a ce, albarka take sa masa saboda murna.

Turawan suka duba ƙamus, suka ga lallai haka kalmar take nufi. Suka ji daɗi ƙwarai. Ba su nemi Bahaushe ko ɗaya sun tambaya ba, domin wanda ya ji abin da yake son ji ba ya neman ƙarin bayani. Har ma suka raɗa wa kayan sunan Albarka, suka ɗinka kalmar a jikin kowace riga. Ku duba wannan abin takaici! Mata a can suna yawo a tituna, kowacce ɗauke da "a'a" ɗin wadda ta ɗinka mata riga, suna alfaharin sun sayi kayan adalci.

Alhaji ya samu buɗi. Ya gina gida a gindin duwatsu, ya canja mota, ya shimfiɗa wa masallacin unguwa darduma, ya zama ba a cika sahun gaba sai da shi. In an yaba masa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Albarkar iyaye mata ce." Bakinsa bai taɓa rawa ba da yake faɗar haka.

Amma Allah ba ya barci, ya 'yan uwa. Akwai wata ɗaliba 'yar Kiyawa, Umaima, da ta je karatu ƙasar da kamfanin yake. Abin da take karanta shi ne hanyar da tufa ke bi daga hannun mai ɗinki zuwa jikin mai sakawa, da wanda ake cuta a hanyar. Wata rana malaminsu ya kunna musu bidiyon Inna Safiyatu a aji, a matsayin misalin cinikin da aka yi adalci. Duk ajin suka yi ta gyaɗa kai. Umaima kaɗai ta ji abin da tsohuwar ta ce.

Da ta zo gida bincikenta, ta je Aujara ta zauna da matan, ta ci tuwonsu, ta ji komai. Daga nan ta wuce shagon Alhaji a Dutse. Ya tarbe ta da lemo, yana zaton yabo aka zo yi masa. Ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Baba, tambaya ɗaya gare ni. A bidiyon nan na ji tayi, na ji albarka. Ina wurin da Inna ta sallama?"

Alhaji ya fara kame-kame. Ya ce waya ce ta mutu. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san kasuwa ba. Ya ce ta faɗi abin da take so. Umaima ta yi masa sallama ta fita, ko lemon ba ta buɗe ba.

Abin da ta gano ya fita duniya. Kamfanin ya yi maza ya wanke hannunsa, ya ce shi ma yaudararsa aka yi, ya yanke hulɗa da Alhaji rana ɗaya. Kada ku ɗauka sun zo Aujara sun biya matan haƙƙinsu. Ina! Suka cire kalmar daga riguna, suka nufi wata ƙasa neman wasu matan masu allura. Nasu hisabin yana nan yana jiransu.

Shi kuwa Alhaji, a lokacin ya riga ya sayar da gonarsa ta gado ya zuba komai a yadi da zare, saboda babban aikin da ya sa rai. Ƙyallaye suka cika shago har rufi, ba su zama hula ba, ba su zama wuyan babbar riga ba. Ya kai kasuwar Shuwarin, mutane su ɗaga su duba su ajiye. Damina ta zo rufin shago ya yi yoyo, zare ya zuba, abin da ruwa ya bari gara ta gama da shi.

Bidiyon kuma ya dawo gida, yana yawo daga waya zuwa waya, wannan karon a kunnen masu jin Hausa. Aka yi ta dariya, bayan dariyar aka tsane shi. In ya tsaya sayen tumatir, ko ya taya da daraja, sai mai tumatir ya dube shi ya ce, "Albarka, Alhaji," 'yan kasuwa su fashe da dariya. Ya daina zuwa kasuwa. Ya koma sahun baya, daga baya ya koma salla a gida. Mota ta tafi, gidan gindin duwatsu ya bi ta. Hawan jini ya kayar da shi, ya tashi yana jan ƙafa ɗaya.

A kwancen nan ne tsoro ya shige shi. Ya aika aka kira masa wani malami, ya ce yana son tuba. Malamin ya ce, "Alhaji, abin da ke tsakaninka da Allah, ƙofarsa a buɗe take. Amma wannan haƙƙin mutane ne. Sai mai shi ta yafe da bakinta."

Ya tattara ɗan abin da ya rage masa, ya shiga motar haya zuwa Jahun, ya hau babur zuwa Aujara. Duk hanya yana shirya maganar da zai yi. Zai durƙusa, zai ce ta faɗi farashinta na kowane aiki, ko nawa ne, in dai za ta ce ta sallama.

Ya iso zauren ya yi sallama. Ikilima ce ta leƙo, ta tsaya daga bayan labule. Ya ce wajen Inna ya zo.

Ta ce, "Inna ta rasu tun kafin girbi, Alhaji. Ba ta ganin komai lokacin da ta tafi."

Ya jingina da bango. Ya fito da kuɗin, ya ce to ita ta karɓa, ta yafe masa a madadin mahaifiyarta.

Ikilima ta ce, "Kuɗin zan raba wa matan da ke raye, haƙƙinsu ne. Nawa na yafe, don kada in haɗu da kai gobe. Amma idon ba nawa ba ne, Alhaji, kuma ba ni ka taya wa ba. Sai ka jira ku haɗu."

Ta saki labule. Ya daɗe a zauren nan shi kaɗai, babu wanda ya kore shi, babu wanda ya kawo masa ruwa.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai fasa gidan kowa ba, bai tare hanya ba. Ciniki kawai ya yi babu yardar mai kaya, addininmu kuwa bai halatta dukiyar wani ba sai da daɗin ransa. Wanda ya karɓa don ba shi da yadda zai yi, bai yarda ba. Wanda ya yi shiru don yana jin nauyinka, bai yarda ba.

Kada kuma mu tsaya zagin Alhaji mu manta da kanmu. Hular da ke kanka yanzu, ka san idon da ya ƙare a kanta? Telan da ka matsa wa da salla ta gabato, ka jefa masa abin da ka ga dama, ka ji ya sallama? Ke da kike ba maƙwabciyarki ɗinki kina cewa ai ta gida ce, kin tambaye ta ko ya yi mata? Ku yanke farashi kafin aiki. In an ce muku albarka, ku ƙara ko ku ajiye kayan mutane. Wanda kuma ya san akwai wani a wuyansa, ya tashi ya neme shi yau, tun yana da bakin da zai amsa.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin masu rauni. Allah ya tsare mu da tufar da aka ɗinka da hawaye. Allah ya jiƙan Inna Safiyatu da ire-irenta, ya haskaka musu makwanci, ya sa kada mu bar duniya da cinikin da ba a sallama mana ba. Amin.