Uwar Garke da Sunaye Dubu Shida

Ku matso kusa. Sau ɗaya zan faɗa, ba na maimaita magana.

A asibitin wani gari akwai wata mata, Inna Tabawa, ita ke riƙe da sunayen masu ba da jini. Sunaye dubu shida, kowa da irin jininsa, da unguwarsa, da ranar da ya bayar na ƙarshe, duk a cikin wata tsohuwar kwamfuta. Ranar Litinin aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone. Allah ya sa tana da kwafi a wani ɗan faifai, sai dai ba ya karantuwa sai an zuba shi cikin manhajar rumbun bayanai.

A ɗakin mata kuwa ga Kuluwa mai waina a kwance, za a yi mata aiki ranar Laraba da hantsi. Jininta irin wanda ba a cika samu ba ne. An gwada 'yan'uwanta bakwai, babu wanda ya dace. Likita ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya ga jini a ajiye, kuma jikinta ba zai jira Alhamis ba.

Talata da safe aka kawo sabuwar na'ura, irin babbar nan da suke kira uwar garke. Akawun asibiti ya ɗora mata manhajar kai tsaye, sau biyu tana mutuwa a tsakiya. Tabawa ta aika bayan kasuwa, aka kira abokai uku masu gyaran kwamfuta, Sambo da Tanimu da wata mace, Hassu.

Tabawa ta ce, "Ku ɗora min abin nan yanzu."

Sambo ya ce, "Inna, ba a ɗorawa a haka. Sai an gyara ƙasa tukuna."

"Wace ƙasa kuma? Gini na ce ka yi min?"

"Kusan hakan ne, Inna."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce babu mai fita, ita ma ba za ta tashi ba.

Sambo ya fara. Ya share ɓarnar akawu, ya sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya raba cikinta, ya ware wa rumbun wurinsa shi kaɗai, ya ɗora ƙananan abubuwan da rumbun ke tsayawa a kansu. Awa huɗu bai ɗaga kai ba, ko ruwa bai sha ba. Ba don shi ba, da manhajar ta mutu karo na uku, da na goma.

Sambo ya miƙa hannu zai ɗora manhajar, Tanimu ya riƙe shi. Ya ce, "Kai malam, dubi agogo." Agogon na'urar yana baya da shekara goma sha biyu. Rumbun kuwa ba ya fito da sunan mutum sai ya cika wata uku da ba da jini, kuma da agogon nan yake lissafi. Da an bar shi, zai ce duk garin babu wanda lokacinsa ya yi. Tanimu ya buɗe cikin na'urar, ya canza ɗan batirin agogon, ya saita rana da sa'a.

Sai Hassu ta ce a dakata. Tanimu ya ce, "Ke kuma da me?" Ta buga kalmar "ƙasa", allo ya nuna alamar tambaya a madadin harafin farko. Na'urar ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Ta ce rumbun daga na'ura yake ɗaukar harshe, ranar da aka kafa shi. In aka kafa a haka, duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ zai tofar da shi waje. Ta zauna ta saita.

Bayan la'asar aka ɗora manhajar, ta zauna daram. Aka zuba faifan. Tabawa ta ture su, ta nema da hannunta. Mutum uku ne kawai masu jinin Kuluwa. Ɗaya ta san ya rasu bara. Ɗaya ta bayar watan jiya. Na uku shi kaɗai ya rage mai rai a layin waɗanda lokacinsu ya yi: Ɗahe Maƙeri, Unguwar Ɓaure.

Da kanta ta hau acaɓa ta je. Ta same shi a bakin wuta, ya ajiye guduma ya biyo ta ko hannu bai wanke ba. Laraba aka yi wa Kuluwa aiki. Ta tashi lafiya.

Shugaban asibiti ya kira Tabawa, ya miƙa mata takarda. Ya ce gurbi ɗaya ne tak na mai kula da na'urar, ita za ta rubuta suna. Ta ɗauki biro. Ba Sambo, babu wurin zuba sunayen. Ba Tanimu, rumbun zai ɓoye Ɗahe. Ba Hassu, Ɗahe ba zai ma shiga ba. Har yanzu takardar tana gabanta.

Ni na gama. To, ku da kuka iya gardama, sunan wa za ta rubuta?