Ragowar Maganin Auta

Akwai wata tela da ba ta iya yar da komai ba. Guntun yadi, ragowar zare, maɓallin da ya rabu da 'yan uwansa, kowanne da gwangwaninsa. Mijinta direba ne, yakan tsokane ta cewa ko ƙura ta share sai ta ajiye don gaba. Ni dai ban ga laifinta ba, da wannan tattalin ta rufa wa gidanta asiri.

Matsalar ita ce, haka ta ɗauki magani ma.

Duk sanda ƙaramar 'yarsu, Auta, ta yi zazzaɓi da tari aka rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, tela takan ba ta har jiki ya yi sanyi. Da ta ga yarinya ta koma tsalle-tsalle, sai ta rufe kwalbar ta adana. In wani ciwon ya zo, ba sai an je asibiti ba, ga ragowa.

Sai aka yi wani tari da bai san ragowa ba. An sayo sabuwar kwalba, ita ma ta bi ruwa. Auta ta daina cin abinci, numfashinta ya koma sama-sama.

A asibiti aka yi gwaji. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta zaunar da tela da mijinta.

"Ƙwayoyin cutar sun saba da maganin nan," in ji ta. "An sha ba su shi rabi-rabi, waɗanda suka tsira suka yi taurin kai. Akwai wani mai ƙarfi da za mu ba ta ta jijiya. Yana iya taɓa jin kunnenta, kuma dole a kai shi ƙarshe."

"Likita, za ta tashi?" tela ta tambaya.

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Kwanakin asibiti suka narke cikin juna. Da rana haske yakan ratso labule ya kwanta a fuskar Auta, fanka na juyawa a kasale. Tela takan zuba wa ledar ƙarin ruwa ido har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta ga kowane ɗigo ya zama ɗinki, yana shiga hannun 'yarta yana haɗa numfashin da ya yage. Wani lokaci takan ga gadon na tafiya a hankali bisa wani farin yadi marar iyaka, tana binsa tana kira, ba ta cim masa. In ta farka sai ta tarar ƙafarta na taka iska, kamar tana kan keken ɗinki. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Wata safiya Auta ta buɗe ido ta nemi ruwa. Kafin yamma har tana yi wa nas gwalo.

"Maman Auta, yarinya ta warke," in ji direba. "Masu ɗinki sun cika ƙofar gida, ni ma mai mota ya fara ɓata rai. Mu roƙi sallama mana."

Gaskiya ranta ya so. Ta dubi yarinyar, ta dubi ledar.

"Baban Auta, wannan warkewar na san ta, ita ce ta sha yaudarata. Ko duk masu ɗinkin za su gudu, ba inda za mu sai ɗigon ƙarshe ya shiga."

Ya ja kujera ya zauna. "To, shugabar likitoci, na ji."

Haka suka daure har magani ya ƙare. Gwaji ya nuna cutar ta tafi.

Ranar sallama, Auta na zaune tana kallon taga. Tela ta sunkuya a kunnenta na hagu ta raɗa mata, "Auta, mu tafi gida."

Yarinya ba ta motsa ba. Ta sake faɗa, shiru. Ta zagaya gadon, ta kai bakinta ga ɗaya kunnen.

"Auta, mu tafi gida."

Auta ta juyo ta miƙa hannu. "Mama, goya ni."

Ta goya ta tana kuka, ita kanta ba ta san ko na murna ba ne ko na kunnen da ya tafi.

Darasi: Jin sauƙi ba shi ne warkewa ba. A shanye magani yadda likita ya faɗa, kuma kada a ba yaro ragowa ba tare da an duba shi ba. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila akwai kwalba a ajiye a ɗakinsu yanzu haka.