Jan Geron Marayu

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Gwaram da Fagam. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da rai. Yayansa ya rasu ya bar 'ya'ya uku, uwarsu ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Riƙon marayun ya faɗa kan kakarsu, Inna Hapsatu, wadda ita ce ta haifi wannan mutum. Tsohuwa ce tukuf, da sanda take zuwa rijiya.

Bayan babban farin nan ne na zamanin soja, lokacin da arzikin man fetur ya fara shigowa. Aka ce masu riƙon marayu su je Birnin Kudu su karɓi taimakon hatsi. Tsohuwa ba ƙafa. Sai ɗan nata ya ce, "Inna, ki zauna, ni zan riƙa karɓo miki."

Yana karɓowa kuwa, amma buhu bai taɓa ganin ƙofar tsohuwa ba. Gidansa yake kaiwa, ya auno mata ɗan abin da ba zai kai ko'ina ba, ya ce, "Inna, iyakar abin da suka bayar ke nan." Ita kuma ta yi ta sa masa albarka. Ku ji fa, ya 'yan uwa! Ya sace abincin, ya kuma karɓi albarka a kai. Wane irin rashin kunya ne wannan? 'Ya'yan yayansa suna cin tafasa gaya, nasa suna ture tuwo don sun ƙoshi.

Da damina ta matso, mutanen gari suka shirya yi wa tsohuwa gayya a gonarta, aka kuma ce za a ba ta iri. Mutumin nan ya tafi karɓa. Ranar akwai mutanen ƙauyensu a wurin, shi ya sa yana karɓa ya ɗora wa jaki ya sulale. Bai tsaya ya ji malamin gona ba, wanda ya tara jama'a yana cewa wannan gero an cuɗa shi da maganin ƙwari, na shuka ne, ko an wanke ba a ci. A hanya ya juye shi cikin nasa buhun, ya jefa na gwamnati a kwazazzabo. Ya ce wa tsohuwa nata bai fito ba.

Matarsa Zahara'u ta buɗe buhu ta ce, "Malam, geron nan ja ne, kuma yana wani irin wari. Bari in nuna wa maƙwabta."

Shi ma ya ji warin. Amma in maƙwabta suka gani, za su tambayi inda ya samo. Ya daka mata tsawa, "Ki nuna wa wa? Ki wanke ki daka!"

Nan ne fa, ya 'yan uwa. Tambaya ɗaya ta isa ta ceci gidansa, amma ya zaɓi rufin asirinsa a kan ran 'ya'yansa.

Aka yi ta tuwo ana kunu. Sai amai, sai jijjiga. Sabo, babban ɗansa, ya cika a gida. Ƙanensa Ɗanladi ya cika a hanyar asibiti. Zahara'u ta faɗi komai a gaban matan gari kafin ita ma ta tafi. Shi kuwa Allah ya bar shi da rai, ido ya dushe, hannu yana karkarwa, ko cokali ba ya iya riƙewa. Saura jaririyarsu ita kaɗai tana tsala kuka a tsakar gida.

Wa ya ɗauke ta? Inna Hapsatu. Ta zo da sandarta, ta goya ta, ta ce, "A kawo min shi ma, ni na haife shi." Marayu uku suka zama huɗu. Har ya mutu a zauren uwarsa yake kwance, yaran nan da ya hana abinci su ne suke ba shi a baki, yana ci yana kuka.

Kada wani ya ce Allah ya kama yara da laifin uba. Yaran nan ba su da laifi, ubansu ne ya sa a daka musu. Kuma ina maƙwabtan da suke ganin buhu yana shiga gidan da ba nasa ba, suka ce ba ruwansu? Da sun buɗe baki tun buhun farko, da ba a kai ga jan geron ba.

A unguwarku akwai kaka mai riƙon jikoki, akwai gwaggo mai riƙon 'ya'yan ɗan uwanta. In an ba ka saƙonta, kai mata shi cif. In ka ga ana cinye mata, ka yi magana.

Ya Allah, ka tsare cikinmu daga abincin maraya, ka ƙarfafa tsofaffin da suke riƙonsu. Allah ya kiyaye mu, amin.