Hoton da Ke Cikin Kwalin Lantana

Lantana, wata mai ɗinki a Funtuwa, ta sayi keken ɗinki a gwanjon intanet. Da ta buɗe kwali, sai ga keke a karye. Ta kai kuka ofishin masu gwanjon.

Manaja ya hura hanci. "Hajiya, dokarmu ce. Kawo hoton karayar tun kwalin yana rufe, mu mayar miki da kuɗinki."

Washegari ta dire masa wani kwali liƙe da gam, a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, hoton yana ciki. Duba, amma kada ka buɗe."

"Wane mahaukaci ne ke ganin cikin rufaffen kwali?"

"Wanda ya rubuta dokarku mana. Kira shi ya duba."

Ashe manajan ne da kansa ya rubuta ta. Kafin azahar, alat na banki ya shigo wayar Lantana, an mayar mata da kuɗinta.