Takin Shanun Alhaji Jatau

A wani ƙauye na bakin fadama akwai wata mata mai ɗan lambu, ana ce mata Tabawa. Wata rana shanun Alhaji Jatau, attajirin garin, suka fasa mata shinge suka wuni ciki, suka bar kashi ko'ina. Ta bari ya ruɓe, ta juya shi da ƙasa, ta dasa albasa. Albasa kuwa ta yi kai kamar dunƙulen hannu.

Da Alhaji ya gani sai ya kai ta ƙara gaban dagaci.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, takin shanuna ne ya yi albasar nan. Ta tsince mini shi daga ƙasa ta maido, ko ta bar mini lambun."

Lambun nan kuwa shi ke ciyar da gidan Tabawa. Ta nisa, ta dube shi.

"Alhaji, saniya takan yi kashi ba ta ci ba?"

"Ina fa!"

"To me suka ci a ranar?"

Alhaji ya gyara hula. "Harawar da suka tarar."

"Tawa ke nan. Ranka ya daɗe, ya ciro mini harawata daga cikin shanunsa, ko ya bar mini shanun."

Dagaci ya tuntsire da dariya har rawani ya karkace.

Alhaji ya ce, "Haba Tabawa, ai wasa nake yi."

Ta ce, "To madalla. In sun sake jin kashi, ƙofa a buɗe take. Amma su ci daga gida."