Tunku da Jirgin da Ya Fi Ƙarfin Filafili

An yi wani Tunku a wani ƙauye da ke bakin kogi, sana'arsa sassaƙar jirgin ruwa. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida, amma yana da girman kai. Idan aka yabi jirgin wani a gabansa, ranar ko tuwo ba ya ci da daɗi.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, sunanta Kyauta. Yarinya ce mai son ruwa ƙwarai, kuma duk abin da ubanta ya faɗa ba ta musu.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce, Iya Guza, mai fito. Da ɗan kwalekwalenta take hayewa da dabbobi zuwa ƙetare ranar kasuwa. Ita kuwa ba ta iya ɓoye magana, abin da ke cikinta shi ke bakinta.

A wannan ƙauye akwai wata al'ada. Idan yaro ya tasa, da kaka bayan ruwa ya ja da baya, sai iyayensa su sa shi a jirgi su kai shi wani ɗan tsibiri na yashi da ake hangowa daga gida. A can za su kafa bukka su kwana ɗaya, yaro ya kama kifinsa na farko da hannunsa, ya gasa, ya ci. Daga ranar an san shi ma ɗan kogi ne.

Wata rana da kaka, Kyauta ta shigo gida da gudu.

"Baba! Baba! Gobe za a kai 'ya'yan Bushiya tsibiri. Ni yaushe za ka kai ni?"

Tunku ya ajiye gizagonsa ya yi dariya. "Wancan ɗan tudun yashin? Haba Kyauta! Ke 'yar Tunku ce. Ni Tsibirin Giginya zan kai ki, can ƙasa da duwatsu, inda ba a taɓa kai yaro ba. Kwana bakwai za mu yi. Kifinki na farko giwan ruwa ne, ba tarwaɗa ba."

Idon Kyauta ya yi haske. Ta yi tsalle ta rungume shi.

Iya Guza tana bayan danga tana shanya komar kamun kifi, ta ji komai. Ta leƙo.

"Baban Kyauta, me kunnena ke ji? Yarinyar da ko filafili ba ta taɓa riƙewa ba?"

"Iya, da ke nake magana?"

"Ba da ni kake ba, amma a kunnena ta faɗa. Ga kwalekwalena nan, ɗauki aro. Ku je nan kusa ku kwana ɗaya. Ta koyi zama cikin jirgi, ta koyi tuƙi, ta sha ruwa ta tofar inda ƙafarta ke taɓa ƙasa. Da rarrafe yaro kan tashi."

"Wannan akushin naki mai yoyo?" in ji Tunku. "Ni da nake sassaƙa wa gari jirgi, in sa 'yata a jirgin aro? A ce me?"

"A ce uba ya kai 'yarsa kamun kifi. Me kuma za a ce?"

"Ki ji da fitonki, Iya."

"Na ji da shi. Kai ma ka ji da kanka, don na ga ya fara yi maka nauyi."

Tunku ya yi tsaki ya shige ɗaki.

Tun daga ranar ya shiga shiri. Ya ce tafiya irin wannan sai da jirgin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya shiga daji yana neman icen maɗaci. Wannan ya ce ya yi siriri, wancan ya ce yana da kogo. Kafin ya sami wanda ya yi masa, kaka ta wuce.

Kyauta ta tsaya a bakin kogi ta ga 'ya'yan Bushiya sun dawo, kowanne da ƙayar kifinsa a hannu yana nunawa. Ta koma gida.

"Baɗi," in ji ubanta. "Kar ki damu, naki ya fi nasu."

Ta ce, "To, Baba."

Shekara ta juyo, Tunku na ta sassaƙa. Da safe sara, da rana sara. Da yamma ya zauna ya lissafa wa Kyauta kayan tafiya: ƙugiya manya da ƙanana, taru, tabarmi biyu, asabarin rufa bukka, tukunya, gishiri, ƙuli-ƙuli, buhun gero, da randar ruwa. Kullum sai ya ƙara wani abu. Kyauta ta haddace lissafin tsaf, har takan tuna masa in ya manta.

Wata rana ta ce, "Baba, Iya Guza ta ce in zo ta koya mini iyo a bakin gaɓa."

Tunku ya ɗaure fuska. "Ba inda za ki. Ni zan koya miki, kuma a Tsibirin Giginya. Ba na so a ce wata tsohuwa ce ta fara sa ki a ruwa."

Kaka ta biyu ma ta wuce, jirgi bai ƙare ba. Sa'o'in Kyauta duk sun je sun dawo, har ƙannensu sun je. Suka fara kiranta "mai jiran jirgi". Ita kuwa sai ta sami wata ƙayar aduwa ta ɗaura a zare, ta zauna bayan gida tana jefawa cikin kwatami, tana gwada yadda za ta fizgo giwan ruwa.

Iya Guza ta gan ta, ranta ya ɓaci. Ta je ta sami Tunku a wurin sassaƙa.

"Ka ga abin da 'yarka ke yi? Kamun kifi a kwatami, ga kogi a ƙofar gidanku!"

"Ki dubi jirgin nan, Iya, ki faɗi gaskiya. Kin taɓa ganin irinsa?"

Iya Guza ta zagaya shi. Tsawonsa ya kai jirage huɗu, bakinsa ya fi Tunku tsayi.

"Ban taɓa gani ba," in ji ta. "Wa zai tuƙa?"

"Ni mana."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai na sassaƙa, ni kaɗai zan tuƙa."

"Wannan jirgin ba don Kyauta kake yin sa ba," in ji Iya Guza. "Don idon gari kake yi."

Tunku ya nuna mata hanya da gizago. Daga ranar ko gaisuwa ba sa yi.

A shekara ta uku jirgi ya ƙare. Sai ga wata matsala: ruwan kaka ba zai iya ɗaukarsa ba, don ya yi nauyi. Tunku ya ce ai da sauƙi, a tsakiyar damina za su tashi, lokacin da kogi ya cika ya batse.

Ya sa rana, ya gayyaci gari duka. Dabbobi suka zo kallo, suka taya shi tura jirgi cikin ruwa, suna ta mamakin girmansa. Tunku ya ji daɗi har kunnuwansa na rawa. Aka loda gero da randa da taru da sauran kaya.

Kogin ya yi ja wur da laka, yana tafe da rassan itatuwa. Sama ta haɗa hadari. Iya Guza ta kutsa cikin taro ta riƙe hannun Kyauta.

"Baban Kyauta, na ajiye faɗanmu gefe. Don darajar uwar yarinyar nan da ke ƙasa, ka bari sai kaka. In kuwa dole sai ka tafi, ka tafi kai kaɗai."

Dabbobi suka zuba wa Tunku ido. Shi ma ya dubi ruwan, gabansa ya faɗi. Amma idanu sun yi yawa.

"Kyauta," ya ce, "kina jin tsoro?"

Kyauta ta dubi kogi, ta dubi ubanta. "In kana nan ba na ji, Baba."

Ya ɗaga ta ya sa a jirgi.

Da farko abin gwanin sha'awa. Jirgi ya fita tsakiyar ruwa, 'yan kallo na ta shewa. Kyauta ta ɗaga musu hannu, tana dariyar da ta shekara uku tana ajiyewa.

Suna shan kwana, ƙauye ya ɓace, sai igiyar ruwa ta kama jirgin. Tunku ya tsoma filafili, ya ga da ƙyar bakinsa ke taɓa ruwa, don jirgin ya yi tsayi. Ya kwanta a kan cikinsa ya tuƙa ta dama, jirgi bai ji ba. Ya ruga hagu ya tuƙa, jirgi bai ji ba. Sai ma ya juya a karkace, ya bi ruwa yadda ruwa ya so.

"Kyauta, ɗauki ɗaya filafilin! Tuƙa ta can!"

Ta ɗauka da hannu biyu. "Yaya ake yi, Baba?"

Tunku na can yana fama da nasa filafilin. Ta tsoma filafilin yadda ta ga yana yi, ruwa ya fizge shi daga hannunta ya tafi.

Sai ruwan sama ya kece. Can gaba suka ji rurin duwatsu. Jirgi ya daki dutse na farko, randa ta fashe. Ya daki na biyu, buhun gero ya gangaro gefe ɗaya, jirgi ya kife.

Kyauta ta nutse. Ba ta san yadda ake motsa hannu ba, ba ta san a rufe baki ba. Tunku ya nutsa ya laluba, ya fito ba komai. Ya sake nutsawa, ya kamo wutsiyarta. Ruwa ya yi ta wurgi da su har ya haɗa su da wata kanya da ambaliya ta ci rabinta. Ya ja 'yarsa ya hau reshe, ya yi ta danna cikinta har ta amayar da ruwa ta yi tari.

Jirgin kuwa, da taru da ƙugiyoyi da komai, ko alamarsu bai ƙara gani ba.

Tun hantsi suke kan reshen nan har la'asar. Ruwa na dukansu daga sama, kogi na lasar ƙafafunsu daga ƙasa. Kyauta ba ta yi kuka ba. Ta ƙanƙame reshe, ta rufe ido. 

Ranar ce Tunku ya fara neman taimako a rayuwarsa. Ya yi ta ihu, "Jama'a! A taimaka! Jama'a!" har muryarsa ta dushe.

Can sai ga ɗan kwalekwale yana tahowa a hankali ta gefen gaɓa, inda ruwa ba shi da ƙarfi, yana raɓe-raɓe cikin ciyayi. Iya Guza ce. Tun tashinsu ta biyo bayansu.

Ta matso ƙarƙashin kanya ta ce, "Miƙo ta."

Ya miƙa mata Kyauta. Ya sa ƙafa zai shiga, ta ce, "A irin wannan ruwa mutum ɗaya yake ɗauka. Ka jira."

Ya jira. Da ta dawo ɗaukarsa, ya sunkuyar da kai yana sauraron faɗa. Amma har suka isa gaɓa Iya Guza ba ta ce masa uffan ba, kuma wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Kyauta ta yi kwana goma tana zazzaɓi. Da ta warke, ba ta koma yadda take ba. Ba ta zuwa bakin kogi. Idan ana zuba ruwa a tulu sai ta toshe kunne. Idan hadari ya haɗu sai ta shige lungu ta ƙudundune. Ubanta ya kawo mata gasasshen kifi, ta kawar da kai.

Labari ya kai ga ƙanwar uwarta, Inna Tasalla, wadda ke zaune can kan tudu, tafiyar yini biyu daga kogi. Ta zo, ta ga yarinya ta rame, ta yi kuka. Sannan ta ce wa Tunku, "Yaya, ka ba ni ita. Nan kukan kogi ba zai bar ta ta yi barci ba."

Tunku ya ce, "A tambaye ta. Kyauta ba za ta bar ni ba."

Aka kira Kyauta. Ta zo ta durƙusa, ba ta dubi ubanta ba.

"Inna," ta ce a hankali, "garinku akwai kogi?"

"Babu, 'yata. Rijiya ɗaya ce, ita ma da murfi."

Kyauta ta miƙe ta ɗauko ɗan ƙunshin kayanta. "To, mu je."

Tunku ya raka su har bayan gari. Ya tsaya yana kallo ko za ta waiwayo. Ta waiwayo sau ɗaya, ta ɗaga masa hannu kaɗan, suka shige cikin dawa. Ya daɗe a tsaye a wurin, sannan ya juyo gida shi kaɗai.

Darasin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba, har da wanda ya dogara da shi. Duk wanda zai koya wa yaro abu, ya fara da kaɗan, daidai ƙarfin yaron, ba daidai burin kansa ba, kuma ya saurari waɗanda suka riga shi sanin hanya. Abin da yaro ke so, idan aka ɗora masa shi da nauyin da ya fi ƙarfinsa, sai ya koma abin da ya fi tsoro, kuma ba kullum ake samun damar gyarawa ba.